Rajistar LLP: Abin da ya kamata lauyoyi, akantoci da injiniyoyi su sani

Shekaru da dama, ƙwararrun da ke haɗa gwiwa su buɗe ofis ɗaya a Nijeriya, kamar lauyoyi da akantoci da masu zanen gine-gine, galibi rajistar sunan kasuwanci kawai suke yi. A wannan tsari doka ba ta bambanta ofis da masu shi. Idan ɗayansu ya yi sakaci kotu ta umarci a biya diyya, ana iya kaiwa ga gida da motar abokin aikinsa, ko da shi bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Dokar Kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sanya wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, ta buɗe wata ƙofa ga ƙasa baki ɗaya: haɗin gwiwa mai iyakantaccen alhaki, wanda ake taƙaitawa da LLP. Jihar Legas ta riga ta shigar da tsarin cikin dokarta tun 2009.

Da zarar Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, CAC, ta ba da takardar shaida, LLP na zama mai cin gashin kansa a idon doka. Yana mallakar kadara da sunansa, yana kai ƙara, ana kuma kai shi. Mutuwar abokin tarayya ko ficewarsa ba ta rushe shi, kuma daga dukiyarsa ake biyan bashin da ke kansa.

Sai dai kariyar tana da iyaka, kuma a nan ne da yawa ke yin kuskure. Injiniyan da ya yi sakaci da hannunsa shi zai ɗauki alhakin aikinsa. Abokansa ne kawai doka ta kare wa dukiyarsu. Idan kuwa an yi zamba, waɗanda suka aikata ta ba su da wata kariya.

Ana yin rajistar ta shafin CAC na intanet. Akan fara da keɓe suna, wanda dole ya ƙare da LLP ko cikakken lafazinsa. Ana buƙatar abokan tarayya aƙalla biyu, mutane ko kamfanoni, sannan a ayyana wakilai biyu da za su riƙa amsa wa hukuma. Wajibi ne su kasance mutane, ɗayansu kuma mazaunin Nijeriya. Sai adireshin ofis, shaidar kowa, da takardun ƙwarewa, domin rajistar ba ta maye gurbin lasisin hukumomi irin su COREN ko ICAN. Ƙa'idar aikin lauya ma ta hana shi haɗa ofishin lauyanci da wanda ba lauya ba.

Abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne yarjejeniyar tarayya. Idan ba a rubuta ta ba, tanadin doka ne zai yi aiki, shi kuwa raba jari da riba da asara yake yi daidai wa daida, ko da wani ya zuba kashi 80 cikin 100 na kuɗin.

Bayan rajista akwai rahoton shekara-shekara da za a riƙa miƙa wa CAC. Idan kuma abokan tarayya suka ragu zuwa ɗaya, ya ci gaba da aiki sama da wata 6 yana sane, bashin da aka ci bayan wannan wa'adi zai hau kansa.