Zari-rugar Mata: Abin da Ya Raba Legas da Bodinga da Shagari

A watan Oktoba na 2025, 'yan matan Najeriya masu buga zari-ruga ta mutum goma sha uku, waɗanda ake kira Green Falcons, suka doke Ireland a Kanada, suka kai wasan ƙarshe na neman gurbin gasar kofin duniya ta 2026, inda Fiji ta rinjaye su. A shekarar ce kuma 'yan matan ƙwallon ƙafa na Najeriya, Super Falcons, suka ci kofin Afirka karo na 10 a Maroko, gwamnatin tarayya ta yi wa kowace 'yar wasa alkawarin dala 100,000 da gida. Wasa ya zama sana'ar mata a ƙasar nan, amma sana'ar ta fi kafuwa a Legas da sauran biranen kudu. A arewa, manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na mata da aka sani su ne na Lafiya da Yola. Daga Bodinga ko Shagari, a jihar Sakkwato, tafiya ce mai nisa.

Babban dalilin, a ganina, lokaci ne. Da sanyin safiya ake kama fara: 'yar wasa tana ginuwa ne tsakanin shekara 10 zuwa 15, a filin makaranta, a hannun malami. To, a daidai wannan shekarun ne yarinya a ƙauyukanmu take barin aji, ko don talla, ko don aure, ko don sakandaren ta yi nisa kuma hanya ba ta da tabbas. Wadda ta ɗore da karatu ma, sau da yawa darasin motsa jiki a allo yake ƙarewa, domin babu malama mace da za ta fita da su fili.

Iyaye kuma suna da hujja, bai kamata a kira ta jahilci ba. Zari-ruga wasa ne na kokawa da karo, kayansa gajeru ne, akwai tafiye-tafiye da kwana a wani gari. Sana'ar gajera ce, rauni ɗaya a gwiwa kan iya kashe ta, kuma mafi yawan masu buga ta ba su rayuwa da kuɗinta kaɗai. Sai dai batun sutura ya yi sauƙi: tun 2014 aka halatta rufe kai a ƙwallon ƙafa, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar kofin duniya ta 2023 da hijabinta.

Asarar ta wuce ta lambar yabo. Yarinyar da ta tashi tana carafke da gaɗa, da ta balaga sai motsa jiki ya yanke mata, lafiyarta ce ke biyan bashin. Jihar kuma tana rasa mata masu horarwa da alƙalan wasa, rashinsu ya sake hana na baya fitowa.

Inda za a iya farawa shi ne makarantun kwana na 'yan mata, irin ta Bodinga: fili mai katanga, kaya masu rufe jiki, da malamai mata daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato. Akwai nau'in zari-ruga na taɓawa wanda babu kayarwa a cikinsa, ƙwallo ɗaya da fili kawai yake buƙata, kuma shi iyaye za su fi saurin amincewa da shi.