Me Ya Sa Tsohuwar Kwamfuta Ke Ƙin Kama Intanet?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kirikasamma, wanda ya ce ya sayar da shinkafarsa a kasuwar Haɗejia, ya sayo kwamfutoci biyu na hannu don buɗe shagon buga takardu. Ɗaya ba ta ganin intanet ɗin wayarsa sam, ɗayar kuma da ya jona ta da kebul sai tafiyar hawainiya. Yana tambaya, shin an cuce shi ne?

To Malam, madalla da wannan tambaya. Ba lalle ne an cuce ka ba. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira katin sadarwa, shi ne bakinta, shi ne kuma kunnenta. Idan shi da na'urar da yake magana da ita ba su daidaita kan hanya ɗaya ba, ba za su fahimci juna ba.

Bari mu fara da wadda ba ta ganin waya. Ka san rediyon da ba ta da zangon FM ba za ta kama tashar FM ba, komai sabuntar batirinta. Haka Wi-Fi yake da zango daban-daban, kamar na 2.4 da na 5. Tsofaffin katuna, irin waɗanda suka fara yaɗuwa daga 1999, yawancinsu na 2.4 kaɗai suka sani. Sai ka shiga saitin wayarka, wurin raba intanet, ka mai da zangon 2.4. Sannan ka duba makullin: tsohon kati bai san WPA3 na 2018 ba, sai ka zaɓi WPA2.

Ita kuwa mai kebul, hanya biyu kati ke aiki. Ta farko bi-da-bi ce, kamar wayar oba-oba, sai ɗaya ya yi shiru ɗaya ya yi magana. Ta biyu kamar tarho ce, ana faɗa ana ji lokaci guda. Saurin ma hawa-hawa ne: megabit 10 a tsarin 1990, sai 100 a 1995, sai 1000 a 1999. Tun 1995 aka ƙirƙiro dabarar da ɓangarorin biyu za su sasanta da kansu, wato oto. Inda gizo ke saƙa shi ne, idan tsohon mai kwamfutar ya ƙulle katin da hannu a kan hanyar tarho, ɗaya ɓangaren ba zai gane ba, sai ya koma bi-da-bi. Fitila za ta kama, amma saƙonni su riƙa karo, aiki ya yi ta jan ƙafa. Maganin shi ne a mai da duka biyun kan oto. Kada kuma kebul ya wuce mita 100.

Idan katin ne ya mutu, kar ka yi garajen sayen wani. Ramin da ake soka kati iri-iri ne: akwai ISA na da can, da PCI, da PCI Express, kuma ba su shiga na juna. Ya fi sauƙi ka sayi ɗan ƙaramin da ake soka wa a kafar USB, amma ka tabbatar yana da direban da zai yi aiki da Windows ɗinka. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP tun 2014, da Windows 7 a 2020, don haka sababbin kaya da yawa ba su karɓarsu.

Shawararmu ga jama'a: ko a Haɗejia za ku saya, ko a Beirut Road a Kano, ku kunna intanet ɗin wayarku a gaban mai kaya, ku ga kwamfutar ta kama kafin ku biya. Gani ya kori ji.

Da fatan ka gamsu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.