Mugu a Matsayin Tauraron Labari: Daga Gizo Zuwa Littattafan Zane

Gabatarwa

A cikin adabin Turawa na zamani akwai wani reshe da ake ba da labari ta hanyar jera zane-zane, da 'yan kalmomi kaɗan a bakin mutanen da aka zana. Asali jarumai ne taurarin waɗannan littattafai, kamar Batman wanda ya fara fitowa a Amurka a 1939. Amma daga baya sai aka sami waɗansu da suka ɗauko abokin gabar jarumi suka ɗora shi a tsakiyar labari, masu karatu kuwa suka yi ta rububinsu. Tun da yake wayar hannu ta kai irin waɗannan hotuna har garuruwa kamar Tafashiya ta ƙasar Kankiya, ya kamata iyaye da malamai su san abin da ke jan ran yaro gare su. Amsar kuwa tana nan cikin adabin Bahaushe tun da daɗewa.

Yadda mugu ya sami wuri

A 1954 masu buga littattafan zane a Amurka suka kafa wa kansu ƙa'ida, saboda kukan da ake yi cewa suna ɓata tarbiyyar yara. Ƙa'idar ta hana a nuna mai laifi ta yadda za a tausaya masa, ta kuma wajabta alheri ya rinjayi sharri a kowane labari. Wannan ya sa mugu ya zama kamar gunki, ba a san inda ya fito ba, ba a san abin da ke zuciyarsa ba. Da ƙarfin ƙa'idar ya ragu, sai marubuta suka koma suna tonon asalinsa. Alal misali, a 1988 Alan Moore da mai zane Brian Bolland suka fitar da The Killing Joke, wanda ya ba da tarihin Joker, babban abokin gabar Batman. An nuna shi matalauci ne mai wasan barkwanci da kasuwarsa ta ƙi ci, matarsa mai ciki ta rasu, ya faɗa cikin ruwan guba ya fito da kama ta daban da hankali a juye. Daga nan ya ɗauri aniyar haukata wani shugaban 'yan sanda mai gaskiya, don ya nuna cewa kowa ma haka zai zama in masifa ta yi masa yawa. Bai ci nasara ba.

Gizo da dangoginsa

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan tauraro. In dare ya yi, yara sun kewaye tsohuwa, ba wanda suka fi ɗokin a ambata kamar Gizo, mijin Ƙoƙi, alhali kuwa maƙaryaci ne, makwaɗaici, maci amana. Shi ne ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowace tana zaton da shi take ja. Shi ne kuma hankaki suka ara wa gashinsu don ya bi su cin ɓaure, haɗama ta sa suka karɓe abinsu suka bar shi. Frank Edgar ya tara irin waɗannan tatsuniyoyi da yawa cikin littattafai uku da aka buga tsakanin 1911 da 1913.

Rubutaccen adabi ma ya gaji wannan hali. Abubakar Imam yana koyarwa a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, kuma abin da ya fi zama a ran masu karatunsa shi ne damfarar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya fi shi duhu nesa ba kusa ba. Abubakar ya rasa Zainab don mai dukiya, Malam Shehu, ya aure ta. Sai ya bazama neman asirin ramuwa, ya sha wuya iri iri, har ya sa ɗansu Kyauta ya zama ɓarawo, gidan ya watse. Mai karatu yana tausayin Abubakar da farko, yana kuma tsoron abin da ya koma daga baya. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, mai amsa sunan garin da ke maƙwabtaka da Kankiya da Kusada, inda jarumi ke tsaye ƙyam a kan gaskiya. Watau Bahaushe ya san iri biyun duka.

Dalilan sha'awa

Dalili na farko shi ne, mugu ne ke motsa labari. Jarumi jira yake yi sai an yi ɓarna sa'an nan ya tashi, shi kuwa mugu shi ke ƙulla makirci, saboda haka idon mai karatu na kansa. Na biyu, marar ƙarfi yakan ji sanyi in ya ga dabara ta kayar da ƙarfi. Yaron da kullum ake aika, ake kuma tsawata masa, dole ya yi dariya in Gizo ya wulakanta zaki. Na uku, wanda shi ne mafi nauyi, ɗan Adam yana son ya san yadda mutumin kirki ke rikiɗa ya zama azzalumi, domin ya san cewa hassada da fushi da son ramuwa suna nan cikin zuciyar kowa. Labari yakan ba shi damar leƙa wannan rami ba tare da ya faɗa ba.

Kammalawa

Sai dai akwai bambanci guda da bai kamata a manta ba. Tatsuniya tana da mai ba da ita a zaune, tana ganin fuskokin yara, tana kuma kai Gizo ga jin kunya in ya wuce gona da iri. Littafin zane kuwa, yawancin masu duhun nan don manya aka yi su, akwai zub da jini a fili, kuma yaro shi kaɗai yake kallonsu. Saboda haka hani kawai ba zai wadatar ba, don an ce hani ga ɗan Adam kwaɗaitarwa ne. Abin da ya fi shi ne babba ya zauna ya tambayi yaro: me ya mai da wannan mutum haka, wa ya cuta, ina kuma ya ƙare? Yaron da ya iya amsa waɗannan tambayoyi game da Abubakar na Jiki Magayi zai iya amsa su game da Joker.