Tsaro, Gidaje da Kasuwanci a Birnin Kano: Abin da Ya Kamata a Sa a Gaba

Daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, takwas ne ake lasaftawa a matsayin birni da kewaye, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Amma duk wanda ya bi hanyar Haɗeja, ko ta Zariya, ko ta Katsina, zai ga cewa gine-gine sun daɗe da tsallake wannan iyaka, har sun shiga gonakin Gezawa, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ƙidayar 2006 ta nuna jihar tana da mutum sama da miliyan 9, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa suke yi. Saboda haka maganar tsarin birni ta shafi manomin da gonarsa ke bakin gari, da dagacin da ake kawo wa takardar ciniki ya sa hannu, kamar yadda ta shafi mazaunin Kofar Mata.

Idan aka tambayi jama'a abin da suke buƙata, akasari za su ambaci tsaro, da wurin zama, da hanyar neman abinci. Ana yawan ɗaukar waɗannan a matsayin ayyuka uku daban-daban, alhali kuwa tushensu guda ne: yadda ake yanka ƙasa tun kafin a aza tubalin farko.

An taɓa yi wa birnin tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, amma yawan jama'a ya sha gaban wannan tsari. Abin da ya cike giɓin shi ne awon igiya. Mai gona zai kira dillali, a ja igiya, a yanka fulotai, a bar ɗan siririn lungu a tsakani. Ba a ware filin makaranta, ko asibiti, ko maƙabarta, balle magudanar ruwa, domin kowane taku na ƙasa kuɗi ne a wurin mai sayarwa. Bayan shekara goma wurin ya zama unguwa mai dubban mutane, motar kashe gobara ba ta iya shiga, motar 'yan sanda ma haka, kuma in aka tashi fitar da titi sai an rushe gidajen bayin Allah an biya diyya mai yawa.

Ya kamata a fahimci dalilin da ke sa manomi gaggawar yanka gonarsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. Shi ke kula da filayen da aka ayyana a matsayin birni, ita kuma ƙaramar hukuma tana ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Dokar ta ba da damar karɓar fili domin amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta abin da aka raya a kan ƙasar ce, kamar gini, da amfanin gona, da itatuwa masu amfani, ba ta kuɗin ƙasar kanta ba. To, manomin da ya ga birni ya doso shi yakan lissafa cewa gara ya sayar da kansa tun da wuri. Wannan lissafi ba wauta ba ce, kuma wa'azi kaɗai ba zai hana shi ba. Abin da zai hana shi shi ne hukuma ta riga dillali isa wurin: a zana tituna da magudanai, a ware filayen al'umma, sannan a ba mai gona kasonsa na fulotai masu takarda, waɗanda darajarsu ta fi ta awon igiya nesa ba kusa ba.

A nan ne aikin Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano, wato KNUPDA, da na hukumar KANGIS mai adana bayanan filaye ya zama na farko a jeri. Tsakanin 2011 da 2015 an gina rukunin gidaje na Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo, kuma kafin su akwai irin su Kundila. Waɗannan sun yi amfani, sai dai babu gwamnatin da za ta iya gina wa kowa gida. Mafi yawan Kanawa da kansu suke gini, ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon abin da ya samu. Abin da irin wannan mutum yake buƙata shi ne fili mai tsari a farashin da zai iya, da takardar da ba za ta ɗauke shi shekaru yana sintiri a ofisoshi ba. Muddin takardar halal ta fi ta bayan fage wahala da tsada, jama'a za su ci gaba da bin ta bayan fage.

Haka zalika akwai batun ruwa. Kududdufan da aka haƙa a da wajen ɗiban ƙasar gini su ne suke shanye ruwan sama a cikin gari. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini, an kuma toshe magudanai da shara. A watan Agustan 2022 ruwa ya mamaye kasuwar Kantin Kwari ya lalata kaya masu yawa, kuma a ƙarshen wannan wata wani bene da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut, aka yi asarar rayuka. Izinin gini da wasu ke ɗauka a matsayin ɓata lokaci domin kauce wa irin wannan aka kafa shi.

Game da tsaro kuwa, sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 shi ne ya kafa rundunar 'yan sandan Najeriya a ƙarƙashin tarayya. Duk da haka, abin da ke hannun jiha da ƙananan hukumomi ba kaɗan ba ne. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012, da harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a Janairun 2013, an hana sana'ar acaɓa a birni, adaidaita sahu ta maye gurbinta. Abin da ya fi damun mazauna unguwanni a 'yan shekarun nan shi ne faɗan daba, da ƙwacen waya, da shaye-shaye. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma hana kwalba ɗaya bai sama wa matashin da ke zaman kashe wando sana'a ba.

Akwai wani aiki mai sauƙin kuɗi da ake yawan mantawa da shi. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma sanya wa tituna suna da yi wa gidaje lamba, tare da kula da kasuwanni, tashoshin mota, fitilun titi da kwashe shara. Mutumin da aka shiga gidansa da dare ba zai iya kwatanta wa jami'in tsaro inda yake ba in dai adireshinsa shi ne bayan gidan wane, kusa da tsohuwar rijiya. Lungu mai haske, mai suna, wanda mota ke iya ratsawa, ɓarawo ba ya son sa. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka jama'a suna da hujjar tambayar shugaba da kansiloli game da waɗannan ayyuka.

Masu unguwanni da dagatai su ne suka san baƙo da ɗan gari. Yana da kyau kowane mai unguwa ya riƙe littafin masu haya, ya kuma san dillalan da ke aiki a yankinsa. 'Yan sintiri na sa-kai suna taimakawa ƙwarai, amma aikinsu ya tsaya ga miƙa wanda ake zargi ga 'yan sanda. Duka da yanke hukunci a titi laifi ne a gaban doka, ko da wanda aka kama ya aikata abin da ake zarginsa.

Kasuwanci dai Kano ba sai an koya mata ba. Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ga Kantin Kwari, ga Singa, ga Dawanau da ke karɓar hatsi daga ko'ina tana aikawa har ƙasashen waje. Abin da ɗan kasuwa yake nema a wurin hukuma shi ne a kare masa dukiya, a kuma rage masa wahala. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta nuna illar kafa rumfuna a kan hanyar mota, da jona wayar lantarki barkatai, da rashin ruwa a kusa. Masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa kuwa, ƙarancin wutar lantarki yana cikin manyan abubuwan da suka durƙusar da da yawa daga cikinsu. An buɗe tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a Janairun 2023 domin sauƙaƙa fitar da kaya da shigo da su, sai dai amfaninta ga manomin riɗi ko zoɓo ya dogara ne a kan hanyar da za ta fito da buhunsa daga ƙauye da damina, da kuma yawan shingayen karɓar kuɗi da zai tarar kafin ya isa Dawanau. Duk harajin da aka karɓa, mai biya ya nemi rasit na hukuma, jami'in kuɗi kuma ya tabbatar ba a karɓi abu ɗaya sau biyu da suna daban ba.

Ga wanda ke shirin sayen fili a bakin gari, ya fara zuwa sashen ƙasa na ƙaramar hukuma da ofishin KANGIS ya bincika ko wurin yana cikin wani tsari na gwamnati, ko a kan hanyar ruwa, ko a ƙarƙashin babbar wayar lantarki. In gonar gado ce, ya tabbatar an raba gadon kuma dukkan magada, maza da mata, sun amince. Sa hannun mai unguwa ko dagaci shaida ce ta cewa an yi ciniki a gabansa, amma ba ya zama takardar mallaka, kuma ba ya maye gurbin izinin gini daga KNUPDA.