Rubuta labarin laifi ba tare da ƙarin gishiri ba

Ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga suka afka wa Intazayene, Bakorat da Wistane a yankin Tillia, arewacin jihar Tawa. Gwamnati ta ce mutum 137 suka rasu, aka yi makokin kwana uku. Abin da ya zauna a kunnen yawancinmu shi ne adadin. Su wane ne mamatan? Wa suka bar wa marayu da dabbobi?

Akwai salon rubutu da ke amsa irin waɗannan tambayoyi. Marubuci ya ɗauki abin da ya faru da gaske, ya zauna da shaidu, ya karanta takardun kotu, sannan ya tsara shi yadda gwanin labari ke yi, mai karatu ya ga fuskoki, ya ji muryoyi. Sharaɗinsa kada a ƙirƙiri ko kalma ɗaya. Truman Capote ya shahara da shi a Amurka a 1966, da littafinsa kan kisan iyalin wani manomi a Kansas, amma har yau ana zarginsa don ya ƙago zancen da ya rufe littafin da shi.

Mu a Adar ba mu rasa abin rubutawa ba. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita jika 240 a 1996, ta zama wahaya, wato baiwar da ubangida ke zama da ita kamar matarsa. Bayan an ba ta takardar 'yanci ta auri wanda take so, sai kotun Ƙwanni ta yanke mata wata 6 kan wai aure bisa aure. Da tallafin ƙungiyar Timidria ta kai ƙarar Nijar kotun CEDEAO, wadda ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ba ta gaskiya da diyyar sefa miliyan 10. Ina son in ga wannan shari'a a littafin Hausa, wanda za a karanta wa mata a tsakar gida, domin rahoton lauyoyi da Faransanci ba ya isa can.

Sai dai alƙalami na iya sake yi wa wanda aka zalunta rauni. Kada a mai da mai laifi gwarzo, kada a kira wanda kotu ba ta hukunta ba mai laifi. Matar da aka ci wa zarafi, a nemi yardarta tukuna; in ta ce a sakaya sunanta, a sakaya, a kuma shaida wa mai karatu an yi hakan.