Ko ka sani? Dabbar zamanin da mai tozo da ta ci sunan damo

Ouranosaurus nigeriensis dabba ce daga cikin dainoso masu cin ganye, wadda ta rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce a inda yanzu yake hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar. An gano ƙasusuwanta a Gadoufaoua, kudu maso gabas da Agadas, wurin da Buzaye suke wa laƙabi da "inda raƙuma ke tsoron shiga". Masu binciken ma'adinin yuraniyam na Faransa ne suka fara tarar da ƙasusuwan shimfiɗe a kan rairayi, suka aika labari Paris. A shekarar 1965 wani matashin masani, Philippe Taquet, ya iso wurin, ya samu ƙwarangwal kusan cikakke, a 1966 kuma aka tono shi. Iska ce ta yi rabin aikin: ta share yashi ta bar ƙashin baya a jere, gaɓa bayan gaɓa, sun rikiɗe sun zama dutse.

Sai a 1976 Taquet ya raɗa wa dabbar suna a hukumance. Ya ɗauko kalmar "ourane", sunan da mutanen sahara ke kiran wani damo na yankinsu, wanda Buzaye ke girmamawa har suna ɗaukar sa kawunsu, kalmar kuma tana da ma'anar jarumta. Ya haɗa ta da "sauros", wato ƙadangare a harshen Girka. Duk manomin Jabo ko Tambuwal da ya taɓa ganin damo, sarkin haƙuri, yana shan hantsi a bakin rami ya san dangin dabbar da aka ari sunanta. Zaɓin ya dace ƙwarai, domin ya bar sawun mutanen ƙasar a cikin littattafan kimiyya na duniya.

Wannan salo na raɗin suna tsoho ne. A 1825 wani likita a Ingila, Gideon Mantell, ya kira wata dabba Iguanodon, wato "haƙorin iguwana", saboda haƙoranta sun yi kama da na wani ƙadangaren Amurka. Da aka samu wani ƙashi mai tsini, sai ya ɗora shi a kan hancinta kamar ƙaho. Bayan gano cikakkun ƙwarangwal a wata mahaƙar kwal ta Beljiyam a 1878 ne aka gane cewa babban yatsan hannu ne. Ouranosaurus 'yar uwar Iguanodon ce, ita ma tana da irin wannan yatsa, sai dai nata ƙarami ne.

Tsawonta ya kai mita 7 ko fiye. Kanta dogo ne, bakinta mai faɗi kamar na agwagwa, gabansa babu haƙori sai kaifin baki da take tsinke ganye da shi, haƙoran tauna suna can ciki. Tana kiwo a kan ƙafa huɗu, tana kuma iya miƙewa a kan biyu. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne bayanta. Kowace gaɓa ta ƙashin baya tana da doguwar ƙaya mai faɗi a tsaye, mafi tsawo ta wuce santimita 60. Masana sun rabu biyu a kan amfaninsu. Wasu sun ce fata ce ta lulluɓe su kamar tanti, dabbar tana juya ta ga rana don ɗumama jini ko ga iska don sanyaya shi. Wasu sun ce ƙayoyin sun yi kauri da faɗi da yawa, sun fi kama da madogarar tozo, irin na bijimi ko raƙumi, inda ake ajiye kitse don lokacin rani.

A zamaninta Gadoufaoua ƙasar koguna ce da dausayi. A wurin aka samu Sarcosuchus, ƙaton kada mai tsawon kusan mita 10, da Nigersaurus mai haƙora kimanin 500, wanda Paul Sereno ya raɗa wa suna a 1999. Ƙwarangwal ɗin Ouranosaurus na farko yana gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, na biyu kuma yana birnin Venis na Italiya.

Duwatsun da suka adana ta suna cikin babban kwarin Iullemmeden, wanda gefensa na kudu ya shigo ƙasar Sakkwato. A nan an samu dabbobin teku, domin daga baya teku ya malale yankin. A kusa da Goronyo aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa mai cin nama, wanda masanan Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus nigeriensis a 1972. Kalmar ƙarshe ɗaya ce a sunayen biyu, amma a nasa tana nufin Najeriya, a na Ouranosaurus kuwa Nijar.