Komawa Aji Bayan Digiri

'Yan'uwa, a Gaya da Ajingi muna da masu digiri da suka daɗe suna riƙe da littafin kuɗi a ofis, amma ba a lissafa su cikin ƙwararrun akantoci. Wannan shaida tana hannun ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, da ANAN, wadda ta sami tata dokar a 1993. ANAN takan nemi digiri ko HND na akanta, sa'an nan karatu a kwalejinta ta Kwall, kusa da Jos. Wanda ya karanta wani fanni dabam kuwa, sai ya koma aji ya cike darussan da ya rasa. Ga magidanci, kuɗin makaranta ya zama biyu ke nan, nasa da na yara.